AMUN: TASHIN WANI GUNKI DA FAƊUWARSA A ƘASAR FIR'AUNA



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan mun tashi daga karatun tsakanin magariba da lisha, wani matashi cikin masu zuwa karatu ya tsaya har kowa ya watse. Ɗan jami'a ne, yaro mai natsuwa, ba ya cikin masu yawan magana. Ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai abin da ke damuna, amma ina jin nauyin faɗa a gaban mutane." Sai ya miƙo min wayarsa. Bidiyo ne na wani mutum yana bayani da Turanci, ga hotunan gumakan Masar a bayansa, wai kalmar "amin" da muke faɗa a salla da addu'a sunan wani gunkin Fir'auna ne da ake kira Amun. Wai Yahudawa ne suka ɗauko ta daga Masar, Kiristoci suka gada, mu ma muka gada ba mu sani ba. Yaron ya ce, "Malam, wallahi yau sati biyu ke nan, in liman ya kai ƙarshen Fatiha sai in ji bakina ya yi nauyi."

Na ba shi amsa a tsaye, a gurguje, amma na yi masa alkawarin zan zauna in rubuta. Na san ba shi kaɗai ya ga bidiyon nan ba, shi dai ne ya yi ƙarfin halin tambaya. Amsar maganar "amin" gajeriya ce, tana can ƙasa. Amma ina so kafin mu kai gare ta mu san wane ne Amun ɗin tukuna, domin labarinsa darasin tauhidi ne sukutum. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Amun a harshen mutanen Masar na da yana nufin "ɓoyayye". Sunan tsoho ne, ya zo a rubuce-rubucen da aka sassaƙa a cikin dalar wasu sarakuna tun wajen shekara 2300 kafin Miladiyya. Amma a lokacin ba kowa ba ne. Ɗaya ne kawai cikin tarin ababen bauta, domin Masarawa kowane gari da nasa. Mutanen Memfis suna da Ptah. Mutanen Heliyofolis, inda unguwar Ainu Shams take a Alƙahira yau, suna da Ra, wato rana. Can kudu kuma akwai wani gari a bakin Nilu mai suna Waset, wanda Girkawa daga baya suka kira Tibis, yau kuma ake ce masa Luksor. Ko a can ɗin ma ba Amun ne a gaba ba, wani gunkin yaƙi ne mai suna Montu.

To me ya ɗaga Amun? Ya yi wata mu'ujiza ne? Ya saukar da ruwa ne, ko ya tashi matacce? Ko ɗaya. Siyasa ce ta ɗaga shi. Masar ta rarrabu, aka yi ta yaƙin basasa, sai sarakunan Waset suka yi galaba suka haɗe ƙasar wajen shekara 2055 kafin Miladiyya. Garinsu ya ɗaukaka, gumakan garinsu suka ɗaukaka tare da shi. Ba a daɗe ba wani sabon gidan sarauta ya hau, sunan sarkinsu na farko Amenemhat, ma'anarsa "Amun ne a gaba". Ɗansa ya yi wa Amun gini mai kyau na farin dutse a wani fili da ake kira Karnak yau. Montu kuwa aka matsar da shi gefe, ba wanda ya nemi izininsa.

Babban tashin ya zo ne bayan ƙarni huɗu da wani abu. Wasu baƙi daga yankin Sham, waɗanda tarihi ya sani da Hiksos, sun mallake arewacin Masar sama da shekara ɗari. Sarakunan Waset ne suka sake tashi, har sarki Ahmose ya kore su wajen shekara 1550 kafin Miladiyya. Da nasara ta samu sai aka ce ai Amun ne ya ba da ita. Daga nan matsayinsa na sarkin alloli ya ƙara tabbata. Amma akwai matsala: Ra na arewa ya fi shi tsufa da suna, kuma sarakuna sun daɗe suna kiran kansu 'ya'yan Ra. Sai aka bi hanya mai sauƙi, tun ma kafin wannan lokacin an soma ta: aka haɗa sunayen biyu, ya zama Amun-Ra. Jama'a, kun ji fa. Kamar yadda 'yan siyasa ke haɗa jam'iyyu biyu gab da zaɓe, haka aka haɗa ababen bauta biyu suka koma ɗaya. Aka yi masa mata, sunanta Mut. Aka yi masa ɗa, sunansa Khonsu, aka ce shi ne wata. Ana zana shi da surar mutum da hula mai dogayen gashin tsuntsu biyu, wani lokaci kuma da kan rago mai murɗaɗɗen ƙaho.

Duk lokacin da na karanta wannan sai in tuna da Annabi Yusuf alaihis salam a kurkukun wannan ƙasar dai. Ku duba Suratu Yusuf, wajen da yake magana da abokan zamansa biyu kafin ya fassara musu mafarki. Abin da ya nuna musu shi ne, waɗannan abubuwa da kuke durƙusa wa ba su wuce suna ba, ku da kakanninku kuka raɗa musu. Wanda ya san tarihin Amun-Ra zai gane maganar nan ba zagi ba ce, bayanin haƙiƙa ne. Mutane ne suka raɗa, mutane suka haɗa, mutane suka aurar.

Yanzu bari mu ga yadda cinikin yake tafiya tsakanin fada da gidan gunki, don a nan ne zancen ya fi nauyi.

Akwai wata mace, Hatshepsut, da ta hau gadon sarauta alhali al'ada ba ta saba da mace a kan gadon ba, ga kuma yaro magaji a raye. Me ta yi? Ta sa aka sassaƙa a bangon gininta na Dairul Bahari cewa Amun ne ya zo wa mahaifiyarta a surar mijinta, aka sami cikinta. Wato ita 'yar Amun ce ta jini, wa'iyazu billahi. Shi kuma yaron, Tutmos na uku, da ya kama mulki shi kaɗai, ya sa aka rubuta a Karnak cewa tun yana ƙarami, wata rana ana zagayawa da gunkin a ɗakin bauta, sai gunkin ya yi ta neman sa har ya tsaya cak a gabansa, alamar shi ya zaɓa. To wa ke ɗauke da gunkin? Matsafa ne, a kafaɗunsu. In sun tsaya ya tsaya.

Tutmos ɗin nan jarumi ne na gaske. Ya kai yaƙi Sham sau da yawa, ya ci sarakunan da suka haɗa masa kai a Magiddo, ya kai har kogin Furatu. Duk dawowar da zai yi, kaso mai tsoka na ganima, zinariya da bayi da dabbobi, gidan Amun ake kai wa. Matsafa su ba sarki halasci, sarki ya ba matsafa dukiya. Hannu ya wanke hannu. Kowane sarki ya hau sai ya ƙara gini a Karnak don ya fi na gabansa, aka yi ta haka kusan shekara dubu biyu.

Lokacin da nake karatu a Alƙahira mun taɓa shiga jirgin ƙasa na dare mu huɗu muka tafi Luksor, da niyyar ganin abin da Allah ya umarce mu da gani na ƙarshen waɗanda suka gabata. Wallahi hoto ba ya ba da labarin wurin nan. Akwai wani zaure guda mai ginshiƙai 134, na tsakiyar sun haura mita 20, mutum biyar ko shida sai sun miƙe hannuwa kafin su zagaye ɗaya. Na tsaya a gindin ɗaya na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Abin da ya zo min a rai ba girman gunkin ba ne, gumin talakawan da suka jawo duwatsun nan ne. Su kuma talakawan ba a barin su shiga can ciki inda gunkin yake. Wannan sai sarki da manyan matsafa. Talaka iyakarsa farfajiya, ko ya zagaya bayan ginin, inda aka yi wani ɗan wuri da ake cewa nan ne kunnen da ke jin koke.

A can ciki me ake yi? Kullum da sassafe babban matsafi zai karya hatimin ƙofa, ya buɗe akwatin da gunkin yake, ya yi masa turare, ya wanke shi, ya shafa masa mai, ya canja masa tufafi, ya ajiye masa gurasa da nama da giya. Bayan an jima, in an ce ya ƙoshi, sai a kwashe abincin a raba wa ma'aikatan gidan. Abin bautar da sai an tashe shi, an yi masa wanka, an sa masa riga. Ai wannan jinya ce. Ku tuna da tambayar da Annabi Ibrahim alaihis salam ya yi wa gumakan mutanensa da ya tarar da abinci a gabansu ba su taɓa ba, tana cikin Suratus Saffat.

Sai ranar biki talaka ke ganin wani abu, shi ma ba gunkin ba, akwatinsa. Akwai bikin shekara da ake kira Opet, lokacin cikar Nilu. A sa gunkin a cikin wani kwalekwale mai ado da zinariya, matsafa su ɗauka a kafaɗa daga Karnak zuwa ɗakin bautar Luksor, tafiyar kusan kilomita uku, da kiɗa da rawa da rabon abinci. Bikin ya fara da kwana 11, a zamanin Ramsis na uku ya kai kwana 27. A irin wannan fitowar ne ake yin duba. Wanda aka yi wa sata, ko masu rikicin gona, ko mai neman muƙami, sai ya tsaya a gaban kwalekwalen ya yi tambaya. In ya matso gaba, to e ke nan. In ya ja baya, a'a. Har a karanto sunayen waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya, inda ya motsa an kama ɓarawo. Ka yi tunanin mutum nawa aka zalunta don kafaɗar wani ta motsa.

Wannan kam ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala: shi kaɗai ke shiga, ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru a shekara. Ƙuraishawa suna da kibiyoyin ƙuri'a a gaban Hubal a cikin Ka'aba. Yau kuma ga mai zuwa wajen boka a buga masa ƙasa a gano wanda ya ɗauke masa waya, ya dawo ya raba zumuncin shekara talatin a kan maganar da ba shaida ba rantsuwa. Kwalekwalen ne dai, an canja masa fenti. Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya gargaɗe mu cewa zuwa wajen ɗan duba da tambayar sa kawai yana jawo rashin karɓar sallar kwana arba'in, hadisin yana cikin Muslim.

Dukiyar gidan Amun fa? Akwai wata doguwar takarda ta zamanin Ramsis na uku, tsawonta ya kai mita 41, tana ajiye a gidan tarihi na Landan. A ciki an lissafa abin da ke ƙarƙashin gidan Amun: mutane sama da 86,000, dabbobi sama da 400,000, lambuna 433, jiragen ruwa 83, garuruwa 65, wasu ma a wajen Masar. To a zamanin wannan sarkin dai, a shekararsa ta 29 a kan gado, ma'aikatan da ke haƙa kaburburan sarakuna suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a ƙofar ɗakunan bauta, don hatsin albashinsu ya yi jinkiri, suna kukan yunwa. Shi ne yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Rumbunan gunki a cike, mai aiki ba shi da na tuwo.

Na yi gaba da yawa, bari in dawo baya kaɗan, domin kafin Ramsis an yi wata girgiza.

Wajen shekara 1353 kafin Miladiyya wani sarki ya hau mai suna Amenhotep na huɗu. Sunan nasa ma na Amun ne, yana nufin "Amun ya yarda". Cikin shekara biyar ya juya wa Amun baya. Ya canja sunansa zuwa Akhenaten, ya ce abin bauta shi ne Aten, wato faifan rana. Ya bar Waset ya gina sabon birni a wani fili da ba kowa, inda ake kira Tallul Amarna yau. Ya karkatar da dukiyar ɗakunan bauta, ya tura masassaƙa suka bi bango bango suna kankare sunan Amun, har a saman dogayen duwatsu, har a cikin sunan mahaifinsa. Sarkin alloli, mai garuruwa da jirage, ana goge sunansa da guduma da kurfi, bai ce uffan ba. Bai karya hannun ko mutum ɗaya ba.

A nan ina so in ja hankalin masu rubutu a cikinmu. Za ku ga ana yawo da maganar cewa Akhenaten mai tauhidi ne, wasu ma su ce annabi ne. Ku yi hattara. Mutumin nan rana ya kira mutane su bauta wa, ana zana ta da hannuwa suna miƙa alamar rayuwa gare shi da matarsa Nefertiti. Ya kira kansa ɗanta, ya ce ba wanda ya san ta sai shi, fadawansa kuma a gidajensu hotonsa da iyalinsa suke ajiyewa a wurin bauta. Rage yawan gumaka zuwa ɗaya ba shi ne tauhidi ba. Mutanen Saba ma rana suke yi wa sujada, huduhuda ya kai ƙararsu wajen Annabi Sulaiman. Tauhidi shi ne kaɗaita wanda ya halicci ranar.

Akhenaten ya yi shekara 17 ya mutu, addininsa ya bi shi kabari. Ba da jimawa ba aka naɗa wani yaro ɗan kimanin shekara tara mai suna Tutankhaten, manya suka canja masa suna ya koma Tutankhamun, shi ne wanda aka gano kabarinsa cike da zinariya a 1922. Aka bar sabon birnin ya zama kufai. Sarki Horemheb ya rushe gine-ginen Aten, ya cusa duwatsun a cikin katangun Karnak a matsayin cikon gini. Aka cire sunan Akhenaten daga jerin sarakuna. Sarki ya sauke Amun, sarki ya mayar da shi. A duka biyun shi ba a ji ta bakinsa ba.

Bayan dawowar nan ya fi da ƙarfi. Ramsis na biyu, a yaƙin Kadesh da Hittiyawa wajen 1274 kafin Miladiyya, ya faɗa tarko, sojojinsa suka watse. A labarin da ya sa aka rubuta a bangaye, ya kira Amun yana yi masa gori, yana lissafa masa gine-ginen da ya yi masa da ganimar da ya ba shi, don me zai yashe shi yau. Ku kwatanta wannan da addu'ar Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam a daren Badar da safiyarta, hannu a sama har mayafi ya zame, ba gori, sai ƙanƙan da kai. Shi mushriki ciniki yake yi da abin bautarsa, na ba ka, ka ba ni. Kuma yaƙin na Kadesh ba wanda ya ci wani, daga baya sulhu aka yi, amma a bangon Masar nasara aka rubuta.

To daga ina faɗuwar ta fara? Daga ƙoshi. Gidan Amun ya yi ƙiba har fada ta rame. A ƙarshen zamanin Ramsis na goma sha ɗaya, wani kwamandan soja mai suna Herihor ya zama babban matsafin Amun, har ya rubuta sunansa cikin da'irar da sarakuna kaɗai ke sa suna. Daga wajen 1070 kafin Miladiyya Masar ta rabu biyu: sarki a arewa a Tanis, matsafan Amun a kudu. A kudun aka ce ai Amun da kansa ne sarki, ana yanke manyan hukunce-hukunce da motsin kwalekwale. Ka ce ya kai ƙololuwa. Amma a lokacin ne daular ta rasa Sham, ta rasa zinariyar Nuba, aka shiga fasa kaburbura. Akwai wani tsohon labari na wani jakadan gidan Amun mai suna Wenamun, da aka aika Lebanon ya sayo katakon gyaran jirgin gunkin. A hanya aka sace masa kuɗi. Da ya isa Jubail, sarkin garin ya bar shi kwana 29 a bakin teku yana aiko masa ya bar masa tasha. Da suka haɗu ya yi ta ambaton girman Amun, sarkin ya nuna masa cewa kakanninsa ma da kuɗi suka sayar, shi ma sai ya ga kuɗi. Masana sun yi saɓani ko rahoto ne na gaske ko ƙagaggen labari, amma ko wanne ne, Bamasare ne ya rubuta shi, ya san yadda darajar gunkinsu ta koma a waje. Da sojoji na bayansa ana rawar jiki, da sojoji suka tafi sai a biya kafin a loda.

Abin mamaki, waɗanda suka fi riƙe Amun da gaske daga baya ba Masarawa ba ne, mutanen Kush ne, a Sudan ta yau. Masarawa ne suka kai musu shi lokacin da suka mallake su, suka ce yana zaune a cikin dutsen Barkal, kusa da garin Karima. Bayan ƙarnoni, sarkin Kush mai suna Piye ya taso da yaƙi ya ci Masar wajen 728 kafin Miladiyya da sunan Amun. Wanda aka mulka ya rungumi abin bautar wanda ya mulke shi har ya fi shi ƙanƙame shi. Wannan ma abin a zauna a yi tunani ne, amma ba yau ba.

A shekara 663 kafin Miladiyya rundunar Assuriyawa ta sarki Ashurbanifal, daga Iraƙi ta yau, ta shiga Waset ta washe ta. Aka kwashe zinariya da azurfa da mutane. Birnin da ake ganin ba mai iya taɓa shi. Daga nan bai sake komawa yadda yake ba. Mulki ya koma arewa, sai Farisawa, sai Girkawa. Zukatan talakawa kuma suka fi karkata ga Osiris da Isis.

Sunan Amun ya ɗan sake haskawa a wani wuri can cikin hamada, a dausayin Siwa kusa da iyakar Libiya, inda ake da gidan dubansa da Girkawa ke girmamawa. Iskandar na Makidoniya ya ratsa hamada ya je can a 331 kafin Miladiyya, aka gaishe shi a matsayin ɗan Amun, bayan mutuwarsa aka buga kuɗi da hotonsa da ƙahon rago. Wannan ƙahon na cikin abin da ya sa wasu suka ce shi ne Zulƙarnaini na Suratul Kahfi. Ibnu Taimiyya da Ibnu Kasir sun raba tsakaninsu, kuma hujjarsu a fili take: wancan bawan Allah ne mumini, wannan kuwa mai bautar gumaka ne da ya yarda a kira shi ɗan gunki.

Sauran labarin gajere ne. Wani marubucin Girka, Strabo, ya ziyarci Waset 'yan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, ya tarar ta koma ƙauyuka a warwatse. Wajen shekara 300 Miladiyya Rumawa suka mai da ɗakin bautar Luksor barikin soja. Kiristoci suka yi coci a cikin Karnak, har yau ana ganin ragowar zanensu a jikin ginshiƙan zauren Tutmos na uku. A ƙarshen ƙarni na huɗu sarkin Rum Tiyodosiyus ya haramta bautar gumaka. Rubutun ƙarshe da aka sani da tsohon rubutun Masar an yi shi a 394 a tsibirin Fila, daga nan aka rasa mai iya karanta shi. Lokacin da Amru ɗan Asi, Allah ya ƙara masa yarda, ya buɗe Masar wajen shekara 20 bayan Hijira, ƙasar ta Kiristoci ce, ba mai bauta wa Amun. Larabawa suka ga rusassun gine-gine suka kira wurin Al-Uƙsur, wato fadoji, shi ne ya zama Luksor. Sunan da aka sassaƙa sau dubbai a bango ya zauna sama da shekara 1,400 ba mai iya karanta shi, sai da wani Bafaranshe, Shampoliyon, ya warware rubutun a 1822. Ƙasa ta binne ɗakin bautar Luksor har mutane suka yi gidaje a kansa. A kan wani sashe nasa aka gina masallacin Abul Hajjaj, da aka tone ƙasar sai tsohuwar ƙofar masallacin ta koma can sama tana reto. A nan muka yi la'asar ranar da muka je.

Yanzu maganar "amin". Kalmar Amun daga tushen harshen Masar take, mai ma'anar ɓoyewa. Ita kuwa "amin" tana cikin Larabci da Ibrananci da Suryananci, malaman harshe suna mai da ita ga tushen alif, mim, nun, inda aminci da amana da imani suka fito, tushen tabbata da gaskatawa. Ma'anarta a wajen malamanmu: ya Allah ka amsa. Ba suna ba ce balle a ce ana kiran wani da ita. Babu kuma wani rubutun Masar da ya nuna suna rufe addu'a da kiran sunan Amun yadda muke rufewa da amin. Hujjar mai bidiyon ɗaya ce tak, wai sautin ya yi kama. In kamar sauti hujja ce, to wanda ya ƙirƙiro wasan judo a Japan sunansa Kano, sai mu nemo masa unguwarsu a cikin badala. Sannan mu ba daga Masar muka karɓo ta ba, ba kuma daga Yahudawa ba. Daga bakin Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam muka karɓa, shi ya umarce mu mu faɗe ta in liman ya faɗa, ya kuma yi mana albishir da gafara ga wanda tasa ta dace da ta mala'iku. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Wanda ya shiga Makka a shekara ta 8 ya tarar da gumaka 360 a kewayen Ka'aba bai bar ko ɗaya a tsaye ba, shi ne zai bar mana sunan gunki a cikin salla?

Don haka ɗana, in kana karanta wannan, gobe da asuba ka buɗe baki ka faɗe ta da ƙarfi. Sallolin da ka yi cikin sati biyun nan ba ka faɗa ba suna nan daram, ba sai ka rama ba, domin jumhurun malamai a kan sunna ce.

Ka ce min akwai bidiyo na biyu, wanda ke cewa wai an ga sunan Hamana a rubutun Masar. Ka turo min ta akwatin saƙo in kalla tukuna, in Allah ya kai mu mako mai zuwa sai mu duba shi.

Wallahu a'alam.